Igiyar Guga

Ƙarfe huɗu na yammar Alhamis, a hawa na shida,
kogin Maumee ya daskare har gaɓa.
Lorraine Pruitt ta dire min kundi mai shafi ɗari uku,
ta ce, Tanimu, buɗe na tamanin,
ka gaya min ko za mu ga bazara.

Mu a Toledo kwalba muke yi.
Ta miya, ta magani, ta zuma.
Tanderu uku, ba a kashe su ko ran Kirsimeti,
don in narkakken gilashi ya huce a ciki, ya zama dutse.
Wutar nan kuwa bashi take ci.

Bashin namu gida biyu ne.
Na fari takardu muka sayar, dala miliyan ɗari huɗu,
ga mutanen da ban san fuskarsu ba,
asusun fanshon malaman makaranta, wani kamfanin inshora a gabas.
Ruwa bakwai da kwata bisa ɗari,
Afrilu da Oktoba, ko ana ha-maza-ha-mata,
uwar kuɗi kuma sai bayan shekara takwas.
Manyan takardu ake ce musu,
ba don furfura ba.
Girmansu na ranar mutuwa ne:
in kamfani ya cika, aka shimfiɗa tabarmar rabo,
su ne a sahun gaba,
masu hannun jari su tsaya can wajen takalma.

Amma ko babba yana da babba.
Bankuna biyar sun haƙa mana rijiya,
sun karɓi tanderun nan jingina.
A ɗiba, a mayar, a sake ɗiba.
Ran albashi mu zura guga,
ran da masu miya suka biya mu, mu juye mata abinta.
Wanda muka sha, muna biyan ladansa.
Wanda ba mu taɓa ba ma, muna biya,
wai tukuicin ajiye mana shi.
Da kakata ta Gumel ta ji wannan,
da ta riƙe haɓa har magariba.

Rijiya tamu, igiyar guga tasu.
Ga abin da shafi na tamanin ya ce:
kada bashi ya haura ribar shekara ninki huɗu.
In ya haura, a naɗe igiya.

Na buga lissafi sau uku.
Na sha shayi, ya huce, na sake bugawa.
Uku da ɗigo tara da takwas.
Tsakaninmu da rami
bai kai kaurin leɓen kwalba ba.

Lorraine ba ta ce komai ba.
Ta cire tabarau, ta goge shi da gefen riga,
ta ɗaga waya.
Kafin isha'i an yanke:
tanderu na uku zai huta a watan Maris,
shi da mutum ɗari da sha ɗaya.

Delbert Ostrowski yana cikinsu,
shekara ashirin da shida a bakin wuta,
gashin girarsa ma ya ƙone ya daina fitowa.
Shi ya taɓa tura min mota cikin ƙanƙara
bai tsaya jin godiya ba.
Na bi kundin nan shafi-shafi.
Akwai sunan lauyoyi, akwai na wakilin masu takardu,
har adireshin da za a aika wasiƙa in an saɓa.
Ban ga sahun da Delbert zai tsaya ba.

Bashi hanji ne, in ji mutanenmu, yana cikin kowa.
Ni ma ga katina a aljihu,
ƙaramar rijiya mai tsadar ruwa.
Da shi na sayi zuma a hanyar gida.
A wurin ajiye motoci na juya kwalbar,
na shafa gindinta da babban yatsa.
Ga tambarinmu,
ga ɗan ƙaramin uku a gefe.